Wanda Zai Taɓa Falona

Shekara shida ina jiran garatuti.
Ranar da ya faɗo, ina tsakiyar tankaɗe waya ta yi ƙara.
Na karkaɗe hannu, na zauna, na dubi falona:
silin ya zana taswirar damina uku,
labule ya koɗe har ya manta launinsa na fari.
Na ce to, Jekadafari za ta ga aiki.

Babayo ɗan ƙanwata ya kawo na farko.
Turarensa ya riga shi sallama.
Bai zauna ba.
Makullin mota na juyi a yatsa,
yana nuna kayana kamar likita ya ga ƙari:
wannan a fitar, wancan a fitar,
kabad ɗin nan ko 'yan gwangwan sai an roƙe su.
Kabad ɗin da Malam Gidado ya yi wata biyar yana biya
da albashin malamin firamare!
Wai fenti ruwan toka ake yayi.
Na ce ɗana, toka ina da ita a murhu.

Ta biyu ba ta ma zo ba, hotuna ta turo.
Fitilu na reto kamar nonon inabi,
kujeru farare fat.
Farar kujera, a gidan da jika tara ke shan kunun gyaɗa?
Ta nemi rabin kuɗi
tun ba ta san gabas ƙofata ke kallo ko yamma ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina karɓar haihuwa.
Ban taɓa shiga ɗaki da hoton jaririn wata ba.
Hannu ake fara ɗorawa a ciki,
a yi shiru,
a ji yadda ɗan ya kwanta.

Hansatu a makare ta zo, ranar Laraba,
keke ya sauke ta a bakin kwata, takalmi duk taɓo,
tef ɗin awo a wuya kamar carbi.
Ruwa ta fara roƙo.
Ta zauna a ƙasa, inda jikokina ke zama,
ta ce daga nan ɗakin daban yake.
Goggo, ina kike salla?
Ina rana ke faɗowa bayan la'asar?
In an ɗauke wuta cikin zafin Gombe, wane lungu kike gudu?

Wajen awon ƙofa ta ci karo da zanen fensir,
tsawon 'ya'yana, shekara bisa shekara,
huɗu sun haura kafaɗata,
na Bappa ya tsaya a ƙugu.
Ba ta tambaye ni ba.
Na leƙa littafinta, ta rubuta:
fenti ba zai zo nan ba.

Kada a ce daɗin baki ta yi mini.
Mun yi musu har shayi ya huce.
Na ce kore nake so, ta ce Goggo,
kin yi ritaya daga asibiti, kada ki kwaso shi gida.
Na ji haushi. Na kuma dubi koren, na ga gadon haihuwa.
Ta ce tangaran ɗina sun yi yawa, rabi su koma ɗaki.
Kuɗinta ma ba sauƙi,
sai dai ta lissafa shi har ƙusa, har ladan mai kwashe ɓaraguzai.

Babayo ya ce ko ofis ba ta da shi.
Na ce uwarka a kan tabarma na karɓi haihuwarka,
ga ka nan da gemu.

Litinin za a fara.
Kabad na nan, za a juya shi ya kalli taga.
Labule kuwa har yanzu ba mu shirya ba,
ta ce ruwan ƙasa, na ce sai na kwana a kai.