Takardar da Na Ninke Huɗu

Ni da Sahabi ɗakinmu ɗaya a Dundaye,
butar shayi ɗaya, sabulu ma wani lokaci ɗaya,
amma ranar da muka je asibitin makaranta
sai ka ce asibiti biyu muka shiga.

Shi takardar uzuri yake so.
Ya kwana kallon ƙwallo, ga gwaji ƙarfe takwas.
Ya zauna bisa benci yana ƙirga kawuna,
sha ɗaya gabansa, fanka ta mutu,
zafin Afrilu ya zauna tsakaninmu
kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Aka kira shi. Minti uku ya fito
da ƙwaya shida cikin 'yar leda, yana tsaki:
"Wagga mata ko kallona ba ta yi ba."

Ni da tsoro na zo, na ninke shi huɗu a aljihu.
Babana ya faɗi cikin albasarsa a Wurno,
bai cika hamsin ba.
Hawan jini, aka ce mana, bayan an share makoki.
Tun ranar nake jin zuciyata da dare
kamar ana sussuka bayan katanga.

Matar nan dai ce, Malama Inno,
tabarau a karan hanci, biro ɗaure da zare.
Ta naɗa min awo a damtse ba ta ɗago ba.
Na warware takardata, hannuna na rawa.
Gishiri nawa ne ya yi yawa?
Kilishi fa? Shayin dare lokacin karatu?
Abin da ya ɗauki uba, dole ne ya dawo ɗaukar ɗa?

Ta aje biro.
Ta cire tabarau, ta dube ni sosai.
"Tun safe mutum arba'in," ta ce,
"kai kaɗai ka tambaye ni abin da ba hatimi ba."
Ta rubuta lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya,
ta ce in dawo Alhamis, in sake dawowa wata Alhamis,
awo ɗaya ba ya yanke hukunci.

Ba kullum ake min fara'a ba.
Akwai ranar da katina ya ɓata,
akwai ranar da ta daka min tsawa don na makara,
na koma ɗaki ina cewa na daina.
Alhamis ta zagayo, ƙafata ta kai ni.
Ban fi Sahabi hankali ba,
ni dai an riga an nuna min kabari.

Yanzu da la'asar nakan taka har Kwalkwalawa,
in tsaya kan gada, in sayi kifi, in ce a rage yaji da gishiri.
Sahabi na kirana Tsoho.

Shekaranjiya wuta ta ɗauke, muna kwance a duhu,
na ji ya tashi karo na huɗu zuwa bayi,
ya dawo ya shanye ruwan buta.
Ya daɗe shiru.
Can ya ce, "Mu'awiya, kana barci?
Waccan takardar taka,
akwai sauran wuri a bayanta?"