Shafi na Arba'in da Bakwai

A aljihun wata rigar sanyi ya zo,
gwanjon da Kawu Ɗanlami ya kwance a kasuwar Gujungu.
Ta dama ake buɗe shi, kamar ajamin kakarmu,
amma rubutun a tsaye yake sauka
kamar ruwan indararo.
Mutanen cikinsa idanu faifai-faifai,
gashi tsini-tsini kamar ƙayar bagaruwa.
Kawu ya ce zanen Japan ne.

Ƙanena Tanimu bai san ko harafi ɗaya a ciki ba,
amma ya rantse yana jin ƙarar jirgin ƙasansu.
Na ce, kunnenka dai.

Laraba ya bar awaki suka shiga gyaɗar Malam Barau.
Alhamis ya miƙo min hannu, ya ce ana ruwa a shafi na tara.
Na taɓa. A jiƙe,
alhali rabonmu da hadari kwana goma sha biyu.
Juma'a da hantsi, a gindin ɗorawa,
takalmi ɗaya na tarar, da littafin a kife,
da ɗumin zamansa a kan tabarma.

Aka leƙa rijiya. Aka tattake fadama.
Aka yi cigiya ta lasifikar masallaci har muryar ladan ta dushe.
Ni kuwa littafin na buɗe.

Ga shi can a tashar jirgi, cikin gidan zane na uku,
an yi shi da baƙar tawada, an ƙara masa ido,
amma ba su goge tabon haɓarsa ba.
Ƙafa ɗaya ba takalmi.
Bisa kansa wani farin ƙwai na magana
wanda ba a zuba komai a ciki ba.

Na ɓoye littafin a bayan randa.
Ban gaya wa Inna ba. Nan na yi kuskure.
Baƙin ciki ba ya hana tukunya neman wuta:
da asuba ta soya awara tana share hawaye da gefen zane,
takardun ƙunshi suka ƙare,
ta laluba bayan randa.

Ta sayar da hanyar ɗanta, ta hamsin, ta ɗari,
da yaji a kai.

Gida-gida na bi.
Na tsinci gada a juji, na ƙwace rabin birni daga bakin tunkiya.
Mai shayi ya hura wuta da teku guda,
ya ce in yi haƙuri, bai san da mutane a gaɓar ba.
Inda mai ya taɓa, takarda ta zama taga:
in na ɗaga ta saitin rana
sai in ga bayan shafi da gabansa a haɗe,
da Tanimu a tsakani, yana waige.

Na ɗinke su da zaren hula, ina bin lamba.
Arba'in da shida, yana gudu a wani lungu.
Arba'in da takwas, lungun ba kowa.
Wanda ke tsakani, mai ƙofar,
wani direba ya tafi da shi Maigatari,
ƙila ya goge hannu ya wurga ta taga.

Sai na yago takarda daga littafin lissafina,
na fere gawayi,
na zana zaurenmu: dakali, tsagewar da damina ta yi,
ƙyauren langa-langa a buɗe.
Na ɗinke ta a gurbin.
Na ajiye takalmin a kusa, bakinsa na kallon ciki.

Kwana uku shiru.

Daren jiya na haska da tocila,
farin ƙwan nan ya cika,
da rubutun nan nasa mai kama da tafiyar kaza:
Yaya, ƙofar taki ta karkace, kafaɗata ba ta wucewa.

Inna na barci, ko tana yi kamar tana yi.
Na lashi ɗan yatsa, na goge gefen hagu.
Gawayin ya kusa ƙarewa,
amma akwai sauran wuta a murhu.