Dorina a Bidiyonmu

Mu bakwai ne, 'yan ajin ƙarshe a Garwa,
karo-karonmu sefa dubu tara da 'yan canji.
Njidda ya aro wayar yayansa,
sharaɗi: ta dawo kafin magariba, ba ko ƙwarzane.

Astajam ta zana tsari a bangon littafin lissafi:
nan mawaƙi, nan gadar Binuwai,
nan rana za ta sauka a kafaɗarsa.
Rana ba ta karanta ba.

Mai ɗauka na bayan babur, ya juya wa direba ƙeya,
ni da murfin tukunya ina haska fuskar Bappa,
bakinsa ya ƙi bin sauti.
A sake! Sau goma sha ɗaya.
Mai wanki ya ce mu gusa, mun taka masa shanya.

Caji saura ƙiris
Bappa ya kama amshi daidai,
sai dorina ta ɗago a bayansa,
ta yi hamma, ta nutse.

Ran da aka haska a makaranta
ba wanda ya tambayi mai baitocin.
Ni ne fa, dare uku ban runtsa ba.
Dorina aka yi wa tafi.