Ƙafa Ce Motata Yanzu

Shekara talatin ina kan kujera ɗaya,
daga Aboabo zuwa Kejetiya,
ina jan torotoro, ina zagin masu tsallake titi,
tumbi ya kai ga sitiyari ban kula ba.
Na san mota kamar yunwar cikina.
In ta yi tari, na san inda ke mata ciwo,
in ta ɗau zafi, sai in faka in ba ta ruwa.
Ni kuwa, Gariba, wa ya taɓa buɗe mini bonet?

Sai ran da nas a asibitin Manshiya
ta ɗaura mini ƙyalle a dantse, ta hura,
ta dubi lamba, ta dube ni,
ta ce, Baba, injinka na tafasa.
Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ranar farko, bayan sallar asuba,
daga masallaci zuwa bakin kwalbati kawai,
na tsaya ina haki kamar rago a rana.
Barikisu mai koko ta ce, Direba, man ya ƙare?
Ban tanka ba, babu numfashin tankawa.
Gobe na ƙara falwaya ɗaya,
jibi na ƙara biyu.
Ba a tashin mota da giya ta huɗu,
gwiwa ma haka take.
Yau ina kaiwa Asawase in dawo
kafin ta kwashe ƙosan farko daga mai.

Shayina dā cokali biyar ne na sukari,
na mai da shi biyu, na sha da ɓacin rai,
har harshe ya manta, ya daina ƙara.
Na roƙi uwargida ta sassauta gishiri da dunƙule,
ta ce, to wa zai ci?
Na ce, wanda ke son ganin auren jikarsa.
Tuwon zafi da miyar ayoyo ba su yi laifi ba,
malmala ta uku ce mai laifi.
Gwanda, lemu, abarba in kuɗi sun kai.
Ruwa kuwa, kada ka jira ƙishi ya yi maka sallama.

Mai lasifika a tasha yana da kwalba ɗaya
da ke maganin ciwo arba'in.
Na taɓa saye. Na kwana uku a bayan gida.

Jikata Zaliya ta shigo da wani mai
daga kasuwa, babu ko suna a jikin robar,
wai sati biyu ta zama fara.
Na ce, zo ki zauna, 'yar nan.
Na ga motocin da aka kankare wa fenti,
damina ɗaya a Kumasi, tsatsa ta cinye su.
Wannan baƙin naki fentin asali ne,
babu gareji da ke da irinsa.
Sabulun salo, ruwa mai tsabta,
man kaɗe kaɗan tun jiki bai gama bushewa ba,
ki bar ƙurji ya tafi da ƙafarsa, kada ki matse,
ki ajiye wayar nan ki yi barci.
Ta murguɗa baki.
Amma na ga robar a kwandon shara da safe,
ban ce mata na gani ba.

Ni ma ina shafa wa fason diddigena,
ina share tsakanin yatsu bayan alwala,
duk wata in je a auna ni,
kamar yadda nake kai tsohuwa sabis.

Jiya tsohon yaron motata ya taka birki,
ya leƙo, Maigida, shigo, kyauta ne!
Hadari ya haɗo ta wajen Tafo,
gaban mota babu kowa, kujerar na kirana.
Na ɗaga masa hannu, na ce, wuce,
saura falwaya tara.