Ƙirga Biyar

Shekara goma sha ɗaya na ci alli a Malumfashi,
har tarina ya koma fari.
Yau ga ni a Hull da kati rataye a wuya,
hotona a sama, a ƙasa an rubuta ɗan koyo.
Da furfurata.

Bas ɗin bakwai saura kwata,
gari bai waye ba, yayyafi ya riga ni fita.
Tsuntsayen teku na ihu a rufin makaranta
kamar an cinye musu adashi.

Na shiga aji, ba wanda ya miƙe.
Na tsaya jiran gaisuwa
kamar mai jiran mota a hanyar da aka daina bi.
Wata yarinya ta ce, Sa, igiyar takalminka ta kwance.
Barka da zuwan ke nan.

Can baya Misis Holdsworth,
wadda na ba shekara tara ras,
ta ɗora takarda a gwiwa.
Duk motsin bironta a ƙeyata nake jin sa.

Na zuba lissafi yadda na saba.
Na yi tambaya, na amsa,
na sake yi, na sake amsawa.
Allo ya cika maƙil.
Ni kaɗai na yi gumi.

A ɗakin malamai ta miƙo min shayi ba sukari,
ta ce, Tukur, lissafi kam ka iya.
Amma wa ya yi aiki yau, kai ko su?
Gobe in ka yi tambaya, kama bakinka.
Ƙirga biyar.

Na kai maganar gida kamar tsakuwa a takalmi.
Ni da na yaye likita biyu da injiniya,
ni za a koya wa shiru?
Balaraba na kwashe tuwo, ko juyowa ba ta yi ba:
Ashe Baturiyar na da ido.
Ni shekara nawa nake jiran biyar ɗin nan?

Laraba, bayan tara, na jefa tambaya.
Ɗaya. Bututun ɗumama ɗaki na ƙas-ƙas a bango.
Biyu. Wani ya murza ledar biskit.
Uku, harshena na ƙaiƙayi,
amsar ta zo bakin haƙori tana neman hanya.
Huɗu.

Sai Kieran,
wanda tun Satumba tsakiyar kansa kawai na sani,
ya ɗago daga tebur: Bakwai ne?

Ba bakwai ba ne.
A da, da na ce zauna, wa kuma?
Na ce, zo nuna min ta inda ka bi.
Ya taso yana jan ƙafa, ya karɓi alƙalamin allo,
a layi na uku ya tsaya cak,
ya goge da hannun riga, ya gyara da kansa.
Biron baya ya yi shiru.

A bas ɗin yamma, fitilu na narkewa a gilashi,
Kieran bai ko faɗo min a rai ba.
Sabi'u na tuna,
bencin ƙarshe, gefen tagar da ba marfi,
ɗaya cikin saba'in da uku,
wanda leɓɓansa kan fara motsi
daidai lokacin da na juya wa aji baya.
Na ji an ce faci yake yi yanzu a hanyar Funtuwa.
Ban taɓa kai masa ko biyu ba.