Fatar da Ta Riga Ni Zuwa Roma

Wata huɗu, Inna. Ga ni, ga akwatin,
ƙafarsa ɗaya ta karye tun a tasha.
Daina duba wuyana, ban rame ba.
Zauna, zafin Mabera ya gane ni tun daga kwana,
bari in kwance miki tsarabar da ba ta shiga jaka.

Can, dutse ma yana da ranar haihuwa.
Titin da nake bi zuwa aji
ya girmi wanda ya haƙa rijiyar kakanki,
ya cinye mini takalmi biyu bai ce sannu ba.
Ƙararrawa ta buga safe, ta buga rana,
kunnena kuwa yana nan ƙofar gida
yana jiran ladanin unguwarmu,
wanda ke tashe ki da asuba
ki lalubo carbinki a ƙarƙashin matashi,
shi yana kiran nasa, ke kina gaida Maryamu.

Ranar Lahadi na shiga coci
mai rufi kamar an kife sama da hannu.
Mu goma sha uku ne a Misa, har da Fada.
Sauran sun zo ɗaukar hoto.
Babu ganga, babu tulun zumuntar mata,
na rera waƙarmu a ciki, tsakanin haƙora.
Da aka zo ba da salama
wata tsohuwa ta kama hannuna, nata kamar ƙanƙara,
ta ƙi saki.
Washegari ta kawo mini safar hannu, ɗaya ta fi ɗaya.

Daddawar da kika ƙulle mini ta yi aiki.
Ranar da na kaɗa kuka a kan taliyarsu
abokiyar ɗakina ta buɗe taga cikin sanyi,
ta yi tari, ta yi alamar gicciye,
daga baya ta miƙo kwano.

Amma ga abin da na zo da shi.
A wani ɗakin littattafai da ba a tari da ƙarfi,
wata Sista ta ajiye littafi a gabana,
bangonsa ja, shekara ɗari uku.
Ta ce, fatar Maroko muke ce mata,
amma an ce daga bayan Sahara raƙuma ke kawo ta.
Na ɗora yatsa.
Ƙamshin bagaruwa ya daɗe da tafiya,
yatsana dai ya gane:
jar akuya ce, Inna, irin ta bayan gidanmu,
ta riga ni zuwa ba fasfo, ba biza,
tana rungume da zabura cikin harshen da ba ta ji.
Na ce mata sannu da baƙunci.
Sista ta ɗauka addu'a nake yi.

Shi ya sa na makara daga tasha.
Na biya majema wurin Baba Tunau,
na same shi duƙe, hannu rine har gwiwa.
Na ba shi labari duka, har da raƙuman.
Bai ɗago ba, wuƙarsa na ta karta,
sai can ya ce, Sisiliya,
ke kin komo gida.
Ita hwa?