Mai Gadin Hasumiya

Ni ke gadin hasumiyar nan ta Ketu,
ƙarfe ja da fari, doguwa kamar raƙumin dawa,
kunnuwa uku a wuyanta
da faranti ɗaya mai kallon Ikorodu.
Shekara huɗu ina kwana a gindinta,
abin da na sani kawai, tana shan man dizil.

Ran Laraba Injiniya Folake ta sauko, igiya a ƙugu,
ta tarar ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.
Ta ce, "Baba Nomau, me ya ɓace?"
Na ce, "Sabis."
Ta yi dariya har hular kwanonta ta karkace:
"Ai gindin fitila ya fi ko'ina duhu."

Ta zauna kan jarka, ta ɗauki tsinken tsire,
ta zana mini Legas a ƙasa.
Wai garin duk ɗakuna ne irin na saƙar zuma,
kowane ɗaki da hasumiyarsa.
In mutum na cikin danfo yana ciniki ta waya,
motar ta hau doguwar gada,
wannan ta miƙa muryarsa ga waccan
yadda 'yan dako ke miƙa buhun albasa.
In buhun ya faɗi ƙasa,
shi ne ka ji ana "Helo? Helo?"

Sim, in ji ta, ɗan katin da bai kai farcena ba,
shi ne sunan yankan waya.
In babu shi, gangar jiki ce kawai.
Data kuwa awo ce.
Na ce wannan na sani,
gero ne da ba ka ganin mudunsa
sai dai ka ga ƙarewarsa.

Tu-ji hanyar ƙafa ce.
Fo-ji titi ne mai kwalta.
Amma ko titi, da magariba,
in kowa ya fito lokaci guda,
muryoyi ma suna shiga gosulo
kamar motoci a Oshodi.

Ta ce akwai zaren gilashi kwance a ƙarƙashin teku,
siriri kamar gashin kai,
haske ke gudu a cikinsa ɗauke da gaisuwa.
Wannan ban ce komai ba.
Na dai yi tasbihi a zuci.

Da dare ya raba sai ni da janareto.
Dubban mutane na magana bisa kaina,
mai neman bashi, mai neman gafara,
mai cewa "ina hanya" alhali yana kan gado,
ba na jin ko ɗaya.
Jar fitilar can sama ce kawai ke ƙiftawa.

A ƙauyenmu, can bayan Gummi,
Tasalla sai ta hau tudun da ke bayan rijiya
kafin sanda ɗaya ta fito a wayarta.
Mun yi yarjejeniya saboda tsadar kati:
filashin biyu, kowa lafiya.
Uku, kira ni.

Jiya ta yi uku.

Na fita daga gindin fitila,
na tsallaka kwata, na tsaya gaban shagon mai burodi.
Sau biyar wata mace mai sanyin murya
tana ce mini lambar ba ta samuwa.
Na shida ya shiga.
Na ce, "Tasalla, lafiya?"
Shiru.
Folake ta ce wannan shirun jinkiri ne sunansa,
lokacin da murya ke ci a hanya.
Ba ta faɗa mini nauyinsa ba.

Numfashi biyu na yi,
sannan kukan jariri ya iso Ketu,
daga hasumiya zuwa hasumiya,
ba wanda ya yar da shi.

Na koma na duba man janareto.
Saura rabin tanki.
Na ƙara masa jarka guda.